Hula a Kan Sefa

Naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. Miliyan biyu da rabi jarin da na tara ne cikin shekara ashirin da 'yan kai na zaman tabarma. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kuɗin gonata ne ta Roni. Dubu ɗari biyar kuma na bijiman huɗa biyu ne da na sayar tare da gonar, tunda ba inda za su huɗa. Duka na danna su a na'urar tura kuɗi da hantsi, ranar kasuwar Babura. Sun fita daga asusuna, ba su shiga na mutumin da na tura wa ba. Abin da ya rage mini ran nan naira dubu goma sha ɗaya ne a aljihun gaba, sai babur, sai benci.

Ku samarin da kuke ganin sana'ar nan ba ta wuce a danna lamba a zare takarda ba, ku nake ba wannan labari. Kun tarar da ita a dafe. Za ku fi riƙe ta da kyau in kun san yadda aka hura wutar.

Na koyi canji a hannun marigayi Alhaji Garba Mai Sefa, a bakin kasuwar Babura. Kayan aikinsa ba su da yawa: tabarma, jakar fata, robar ɗaure kuɗi, soso mai danshi a cikin murfin gwangwani don jiƙa yatsa, da wata kalkuleta da bai taɓa yarda da ita ba sai ya sake lissafin da ka. Shekarata ta farko ban taɓa takardar kuɗi ba. Kallo kawai, da saurare. A nan na koyi ƙirgan mutanen Nijar, waɗanda sefa biyar ita ce dala a bakinsu, sefa dubu kuma jika. A shekara ta biyu ya fara miƙo mini takarda ido a rufe, in faɗa masa ta gaske ce ko jabu daga jin ta a yatsa.

Wata rana wani mutumin Matamai ya kawo sefa mai yawa, nairar da ke jaka ba ta kai ba. Mutumin ya ce ba komai, a riƙe sefar, zai shiga kasuwa ya dawo bayan azahar ya karɓi cikon. Na miƙa hannu zan ɗauka. Alhaji Garba ya buge mini hannu da maficinsa.

Ya ce, "Mayar masa, Sabo."

Na ce, "Baba, ai shi ya yarda."

"Ya yarda, an ji. Shari'a fa, ita ma ka tambaye ta? Gero ka iya sayarwa a biya ka gobe. Kuɗi da kuɗi kuwa hannu da hannu ne. Ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai kowa ya riƙe nasa."

Yana da wata al'ada da ban gani wajen kowa ba. In ƙirga zai yi tsawo, sai ya sa mai sefa ya ajiye ɗaurinsa a tabarma ya kifa hularsa a kai. Muddin hula na kai, kuɗin na mai hula ne, ko ɗan Alhaji ba ya taɓawa. In an gama ƙirga naira ta shiga hannunsa, shi da kansa zai ɗage hular. Ɗage hular nan shi ne ciniki.

Da na buɗe tawa tabarmar na zauna a Kazaure, ina bin kasuwanni da babur: Babura, Roni, Gwiwa, wani lokaci har Yankwashi. Jaka a ɗaure a ciki, riga biyu a sama. Shekaru na yi a haka kafin waya ta shigo cikin sana'ar.

Wadda ta kawo mini na'ura wata ma'aikaciyar banki ce, Malama Hauwa. Ta same ni a rumfata ta ce bankinsu na neman wakilai a ƙauyuka, kuma bankinsu ba ya karɓar kuɗin ruwa, ba ya bayarwa.

Na ce, "To Malama, da me kuke ci? Da addu'a?"

Ta yi dariya ta ce, "Da abin da kake ci, Alhaji. Saye da sayarwa. Kana son sola da batir don na'urar nan? Mu za mu sayo su da kuɗinmu, su zama namu, sannan mu sayar maka da ribar da za mu faɗa maka yau. Ba ta ƙaruwa don ka makara."

Wannan magana na gane ta, don maganar kasuwa ce. Na kwana uku ina bincike, na karɓa.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne akwai mutane da yawa a ƙasar nan da ba su taɓa shiga banki ba, ba don jahilci ba, don gudun riba. Dattawa, Fulanin ruga, mata masu sana'a a cikin gida. Da suka ji ga bankin da ba ruwansa da ruwa, kuma ba sai an je Kano an bi layi ba, a rumfar Sabo ake buɗewa, sai suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Aikin bai zo da sauƙi ba. Manomin da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya, zanen yatsansa ya goge, na'ura ba ta karanta shi sai an shafa masa man kaɗe an jira. Matar da ta sha lalle sai ta dawo bayan mako biyu. A kasuwar Gwiwa wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai, gindin wata tsamiya ta gabas da mahauta, sai da na yi wata biyu ina yawo da na'ura a sama kafin na gano shi. Layin waya biyu nake riƙewa, takardar rasit naɗi shida a jaka, don ranar da ta ƙare maka a tsakiyar kasuwa, ranar ka tashi.

Sai wata tambaya ta taso wadda ba ta cikin takardun banki. Mutanen Nijar masu sayen kaya a Kano sun gane cewa tafiya da naira a waya ta fi tafiya da ita a buhu. Mutum ya ba ni sefa a hannu, ni in tura masa naira a asusu. To hannu da hannu ke nan, ko kuwa? Na je wajen Malam Habu, limamin masallacin bakin kasuwa, na zayyana masa.

Ya ce, "In ka danna, a take kuɗin ke zama nasa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wani lokaci a take. Wani lokaci sai an ci tuwo an wanke hannu."

"A tsakanin nan suna hannun wa?"

"Ba sa hannun kowa."

"To kada ku ƙulla ciniki a kan abin da ba ya hannun kowa. Ka tura. Sefarsa ta zauna tasa. In kuɗin sun shiga, ya gani zai iya kashewa, sannan ku ƙulla ku yi musaya a wurin."

Ina fitowa daga masallaci hular Alhaji Garba ta faɗo mini a rai. Washegari na sa kafinta ya yi mini dogon benci, na sayi butar shayi. Dokar rumfata ta zama guda: ka ajiye sefarka, ka kifa hularka, ka zauna. In alat ya shigo, mu duba asusunka a na'ura da idonka, sannan ka ɗage. Maƙwabcina a kasuwar Babura, Ɗanjuma, wanda shi ma canji yake yi da na'ura, shi ya sa mini suna Alhaji Zauna-tukuna. Shi kuwa ana ce masa Nan-take, don da rasit ya fito yake karɓar sefa ya sallami mutum.

Muguwar shekara ita ce wadda takardun naira suka ɓace daga hannun mutane. Kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai ƙosai, sai hanyar ta cushe. Kuɗin da ke shiga kafin a ƙifta ido suka koma yini. Bencina ya cika da mutane masu kai ba hula, suna zaune a rana suna tsaki. Ɗanjuma yakan leƙo ya ce, "Sannunku da jiran likita. Wa ke biye?" Kafin wata biyu rabin masu zuwa wajena sun koma wajensa. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya baro mota tana lodi, ba shayi ya zo sha ba. Ƙananan ciniki suka gudu, na ga in ban iya ɗaukar manya ba zan naɗe tabarma. Shi ya sa na sayar da gonar Roni da bijiman, na zuba a jari.

Babban cinikin farko da ya zo shi ne na Alhaji Isufu, wani mai fataucin taki da siminti daga wajen Magarya. Mahaifiyarsa 'yar Babura ce, yana da asusu a wani banki na Kano, amma ni sau biyu kawai na taɓa hulɗa da shi, kuma ban san ƙofar gidansa ba. Ya kawo jika dubu uku da ɗari biyar. Na ƙirga, na ɗaure masa da robata, muka yi maganar farashi ya kama naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, wato duk abin da na mallaka. Ya ajiye ɗaurin ya kifa hularsa, wata zanna mai ruwan toka. Na danna. Na'ura ta yi tunani, ta fitar da rasit. Asusuna ya koma fanko.

Muka zauna. Shayi na farko, na biyu. Aka kira azahar, na sa mai goro na kusa ya zuba wa hular ido, muka je muka dawo. Mun duba asusunsa ya fi sau goma. Na kira Malama Hauwa, ta duba ta ce, "Alhaji, sun bar wajenmu, ba su isa can ba. Suna tsakani. Ko su wuce ko su dawo, amma ba zan ce maka yau ba."

Bayan la'asar direban motar su Alhaji Isufu ya aiko sau biyu. Alhaji Isufu ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Ya ce, "Alhaji Sabo, ni zan koma, kada a rufe mini iyaka. Riƙe sefar. Na ga rasit, na ga ka tura. In sun shiga, sun shiga."

Na ce, "Ɗauki hularka da abin da ke ƙarƙashinta."

Ya tsaya yana kallona. "Ka ji abin da ka faɗa kuwa? In kuɗin suka faɗa asusuna gobe, naira tana wajena, sefa tana wajena, ni kuma ina wata ƙasa."

"Na ji. Amma in na riƙe ta yau, na karɓi naka ban ba ka nawa ba. Ba a yi ciniki ba, Alhaji. Kuɗinka ne."

Ɗanjuma, wanda ya bar rumfarsa ya zo kallo, ya ce, "Zauna-tukuna, wannan kuma ba tsoron Allah ba ne, kyauta ce. In rabo kake yi, ga ni kusa."

Alhaji Isufu ya ɗauki hular ya sa, ya cusa ɗaurin a aljihun ciki. Ya ce, "Kasuwa mai zuwa, in Allah ya yarda." Ya tafi.

Kada ku ɗauka ban yi lissafi ba. Na yi. Na san in na riƙe sefar na fi kwanciyar hankali. Amma na san kuma mutum talatin ne a kasuwar nan suka sha rana a bencina saboda dokar nan, kuma duk suna kallo. In na karya ta ranar da ta juyo kaina, to ba doka ba ce, dabara ce, kuma ba wanda zai sake kifa hula a tabarmata.

Kwana huɗu kuɗin suna tsakani. Malama Hauwa ta shigar da ƙorafi, kullum da safe sai ta kira ni. A rana ta biyar ta ce, "Sun wuce, Alhaji. Sun shiga asusunsa." Na kira lambarsa, a kashe. Layin Najeriya ba ya kamawa a garinsu. Na ci gaba da fita rumfa da dubu goma sha ɗayan nan, ina cire wa mata dubu biyu, dubu uku, don kada a ce na rufe.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na shimfiɗa tabarma tun da sassafe. Motocin Magarya suka zo suka sauke, ba shi. Na tambayi direban, ya ce bai gan shi a tasha ba. Ɗanjuma bai yi mini ba'a ran nan ba. Ya aiko mini da fura, wadda ta fi ba'ar ciwo.

Kasuwa ta biyu, kwana goma sha huɗu cif, da hantsi ina gyara takardar na'ura sai na ga inuwa a kan tabarma. Alhaji Isufu ne, ya rame, bayansa mutum shida. Bai ko zauna ba. Ya zaro ɗaurin ya ajiye, da robata a jiki yadda na ɗaure, ya cire hula ya kifa.

Ya ce, "Zazzaɓi ya kwantar da ni, Alhaji, ka yi haƙuri. Kwana goma sha huɗu ina kwana da kuɗin da ban san nawa ba ne ko naka. Duba mini asusun."

Ya sa katinsa, ya danna lambarsa. Miliyan huɗu da dubu ɗari biyu suna zaune. Ya miƙa hannu zai ɗage hula, na ce ya dakata.

"Me kuma ya rage?"

"Farashi. Sefa ta tashi. Kowace jika ta ƙara naira hamsin tun ranar da ka tafi."

"Ai mun yi magana a kan na ran nan."

"Magana muka yi, ba mu ƙulla ba. Yau ake ciniki, farashin yau za a bi. Nairar da ke asusunka ba ta sayen jika dubu uku da ɗari biyar yau. Ɗari da arba'in naka ne."

Ya juya wajen mutanensa ya ce, "Kun ji ko? Na gaya muku a mota, kuka ce ƙari nake yi." Sannan ya ce mini, "Kai dai ba ka son arziki."

Na ce, "Ina so. Wanda zai daɗe nake so."

Ya ɗage hular. Na kwance roba na ƙirga jika ɗari da arba'in na miƙa masa. Kafin in gama mayar da robar, hula shida sun sauka a kan tabarmata, kowace da ɗauri a ƙarƙashi. Ba ni da nairar da zan sallami ko biyu daga ciki. Na leƙa na kira Ɗanjuma na ce ya kawo na'urarsa mu raba, da sharaɗi ɗaya. Ya ce, "Na sani, na sani. A zauna tukuna." Ya jawo bencinsa ya haɗa da nawa.

Daga ran nan labari ya haye iyaka ba tare da na biya kowa ba. Fatake daga Magarya da Matamai suka riƙa tambayar rumfar mai hula tun daga tasha. Da hanyar tura kuɗi ta warware, jira ya koma na ɗan lokaci, waɗanda suka gudu suka dawo, suka tarar da layi. Malama Hauwa ta kawo wasu manyansu biyu daga Kano, ɗaya malami ne cikin masu duba wa bankin halal da haram. Ya zauna a bencina ya ga an yi ciniki uku, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wani tsoho ne da bai taɓa riƙe waya ba.

Yau abin da kuke riƙewa ya wuce na'urar da na fara da ita nesa. A waya ake buɗe asusu, a waya manomi ke neman banki ya sayo masa injin ban-ruwa, a waya mace ke zuba adashinta ba ta fito ƙofar gida ba. Kuɗi kan shiga kafin mutum ya gyara zama. Shi ya sa kuke ganin kifa hula ɓata lokaci ne. To ku sani, a rumfunana ko daƙiƙa biyar za a jira, sai an kifa. Wanda ya zo ba hula, akwai ɗaya a rataye a ƙusa. Mata kuwa gefen mayafi suke ɗorawa. Rasit shaida ce cewa ka tura, ba shaida ba ce cewa ya samu, kuma hanyar da ta taɓa cushewa za ta iya sake cushewa ranar da ba ku zata ba.

Ga lissafin. A ɓangaren hasara: kwana goma sha huɗu ba ciniki, da ribar naira dubu ɗari da saba'in da biyar da na mayar da hannuna, da gonar Roni, wadda na koma da kuɗi ninki biyu mai ita ya ce ba ya sayarwa, kuma yana da gaskiya. A ɓangaren riba: rumfa huɗu, Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Ta Gwiwa Ɗanjuma ke riƙe da ita a gindin tsamiyar nan, rabi nasa rabi nawa. Na'ura tara, sola a kowace rumfa, wata gonar a hanyar Achilafiya da bijimai huɗu. Alhaji Isufu bai sake canji wajen kowa ba har ya bar fatauci. Ranar da ya miƙa wa ɗansa harkar, ya zo da shi Babura ya nuna masa tabarmar, ya cire zannar nan mai ruwan toka ya ba ni. Ita ce a rataye a ƙusa.